Kara ga Abokin Aiki, Cuta ga Yaran Unguwa

A kowane ƙaramin asibiti da ake yin allurar rigakafi, a birni ne ko a ƙauye, akwai wata takarda da ake mannawa a jikin firjin da ake ajiye ruwan allurar. Kwanakin wata ne a jere, kowace rana da gurbi biyu, na safe da na yamma. Ƙa'idar ba ta da wuya. Wanda ke bakin aiki zai duba ma'aunin sanyi, ya rubuta abin da idonsa ya gani, ya sa hannu. Ana so sanyin ya tsaya tsakanin digiri 2 da digiri 8. Asabar da Lahadi da ranar Sallah duk haka ake so a yi. Aikin bai kai minti biyu ba, kuma duk ma'aikacin da ke taɓa firjin an koya masa shi, ya kuma amsa cewa zai yi.

Amma wanda ya saba shiga irin waɗannan wurare ya san wata irin takardar daban. Biro ɗaya, hannu ɗaya, tawada ba ta sauya ba tun daga farkon mako: biyar, biyar, huɗu, biyar, biyar. Ko inda aka jingina takardar a kan gwiwa ana rubutu, karkatar layin iri ɗaya ce daga Litinin har Juma'a. An zauna ne aka cike mako guda a zama ɗaya, galibi da aka ji cewa jami'an ƙaramar hukuma na tafe. Kuma kowa a asibitin ya san wanda ya cike. Ungozoma ta sani, mai ba da kati ya sani, mai shara ma ta sani. Ana maganar a ɗakin magani, ana yin ta a kan babur a hanyar komawa gida. Mutum ɗaya ne ba a taɓa yin ta da shi ba, shi ne mai cike takardar.

Wannan shirun ya fi damuna a kan sakacin mutum ɗaya. Mai sakaci ba a rasa shi a kowane wurin aiki, daga banki har garejin kanikawa. Abin da nake nema a wurin aiki shi ne ko akwai wanda zai iya duban abokin aikinsa ya ce masa, "Malam, ba haka muka yi da kai ba." Na ɗauki firjin rigakafi ne domin a nan illar ta fi fitowa fili, amma maganar ta shafi malamin makarantar da ba ya kiran sunan ɗalibai sai ya cike rajista daga baya, da mai karɓar kuɗin da ba ya yanka rasit, da direban kamfanin da ke tayar da mota bai duba mai da ruwa ba.

Sai mun san abin da takardar ke tsarewa kafin mu auna nauyin shirun. Mutane da yawa sun ɗauka zafi ne kaɗai ke lalata ruwan rigakafi. Zafin ma da sauƙi, tunda an yi masa shaida: a jikin kwalba akwai wani ɗan zagaye mai murabba'i a tsakiyarsa, idan murabba'in ya yi duhu har ya kamo launin zagayen, an san kwalbar ta sha zafi, sai a fitar da ita. Daskarewa ce ba ta taɓa wannan shaidar. Allurar Penta, wadda ake yi wa jariri a mako na 6 da na 10 da na 14 don ta kare shi daga mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon hanta da wasu cututtuka biyu, idan ta daskare ta narke, ƙarfinta ya raunana ke nan, kuma ba ya dawowa. Kwalbar na nan fes. A yi wa yaro, ya tsala kuka, a rubuta a kati, uwa ta goya shi ta kama hanya tana ganin ta sauke nauyi. Firjin da saitinsa ya kauce zai iya sauka ƙasa da sifili cikin dare, balle a lokacin hunturu. Ƙananan na'urorin da ake sakawa a firji yanzu suna riƙe tarihin kwana 30, suna kuma nuna alamar gargaɗi idan sanyin ya ƙetare iyaka, amma sai an duba su. Wanda ya duba ya ga alamar yana da abin yi. Zai ware kwalaben, a ɗauki guda daga cikin irinsu a daskarar da ita da gangan a narkar, a girgiza ta tare da wadda ake zargi, a ajiye su a ga wadda gurɓinta zai riga kwantawa. Wanda ya rubuta "biyar" daga kansa ya rufe wannan ƙofar gaba ɗaya.

Kada a ce ina kambama ƙaramin abu. A watan Yulin 2018, a tsibirin Savai'i na ƙasar Samoa, jarirai biyu suka mutu a rana ɗaya bayan an yi musu allurar ƙyanda. Bincike ya nuna cewa ruwan allurar lafiyarsa lau. Ma'aikatan jinya biyu ne suka haɗa garin allurar da wani maganin saki jijiya da ya gama aiki, a maimakon ruwan da aka tanada don haɗawa. Kotu ta ɗaure su shekara biyar-biyar. Gwamnati ta dakatar da allurar na tsawon watanni, iyaye suka tsorata, yaran da ake kaiwa rigakafi suka ragu ƙwarai. A ƙarshen 2019 ƙyanda ta shigo ƙasar da mutanenta ba su wuce 200,000 da yawa ba, ta kama sama da mutum 5,700, ta kashe 83, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Mataki ɗaya aka tsallake a ɗaki ɗaya, na karanta abin da ke rubuce a jikin kwalba kafin a zuƙa.

Mu a nan ba baƙi ba ne ga abin da ke faruwa idan yarda ta karye. Gwajin maganin Trovan da aka yi a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar tabo a zukatan mutane, kuma da aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar daga 2003 zuwa tsakiyar 2004, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Shekaru aka kwashe, da sarakuna da malamai da mata masu bi gida-gida, kafin a kai ga Agustan 2020 da aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar ta daji. Uwar da ta kai ɗanta rigakafi sau uku, sannan mashaƙo ya kama shi, ba za ta san labarin firji ba. Abin da za ta gaya wa kishiyarta da maƙwabtanta shi ne allurar ba ta aiki. Kuma sun fi yarda da ita a kan duk wata sanarwar rediyo.

To me ya sa muke yin shiru? Na farko dai kunya ce da kara, kuma ba na cikin masu ganin waɗannan ɗabi'u ne suka hana mu ci gaba. Su ne suka sa mutum goma ke iya zama a ƙaramin ofis shekara da shekaru ba a ji kansu ba. Wanda ka ci tuwon sunan ɗansa, ya zo jana'izar mahaifinka, ya ranta maka kuɗin mota ranar da albashi ya makara, da nauyi ka dube shi ka ce ya yi ba daidai ba. Na biyu tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili. Duk mun san amsoshin da ake bayarwa. "Ke ce incaj?" "Yaushe kika zo?" "Sai ka ce asibitin gidanku ne." "Ka cika zaƙewa." Akwai kuma wadda ta fi su ciwo, wadda ba a faɗa maka a ido: wane munafuki ne, so yake ya raba mutum da abincinsa. A wurin da kowa ke ganin aikin gwamnati rabo ne da Allah ya ba mutum don ya ci da iyalinsa, duk wanda ya ɗaga maganar ƙa'ida sai a yi masa kallon mai neman shiga tsakanin bawa da arzikinsa.

Sai dai mu duba abin da muke yi a madadin maganar, mu ga ko kara ce da gaske. Wasu gulma suke yi: laifin da ba a iya faɗa wa mutum ɗaya a ɓoye ba, a faɗa wa mutum bakwai a bayan idonsa. Wasu habaici suke yi, a tashi a taron ƙarshen wata ko a zauren WhatsApp na ma'aikata a ce "wasu mutane ba sa tsoron Allah a aikinsu." Mai laifin ya gane da shi ake amma an ba shi damar yin kamar bai gane ba, marasa laifi kuma ransu ya ɓaci. Akwai kuma wata mai kirki da ke rufa asiri ta hanyar ɗauke aikin: ita ce za ta riƙa dawowa da yamma tana duba firjin a ranakun da ba nata ba, ba ta ce wa kowa komai ba. Wannan ta fi ba ni tausayi, domin tana gajiya, tana tara haushi a ciki, kuma ranar da ta tafi hutun haihuwa ramin da ta daɗe tana rufewa zai buɗe babu wanda ya san da shi. Daga ƙarshe akwai mai haƙurin wata shida da ke fashewa rana ɗaya a gaban marasa lafiya, ya haɗa da laifin bara da na bana. A duk cikin waɗannan babu wanda ya mutunta mai laifin. An yanke masa hukunci ba a ji ta bakinsa ba, an kuma ɗauka ba zai iya jin gaskiya ya gyara ba.

Malamanmu sun daɗe da rarrabe wannan. Ibn Rajab, malamin Hambaliyya da ya rasu a Dimashƙa a 1393, ya rubuta ɗan littafi sukutum a kan bambancin nasiha da kunyatarwa, kuma abin da ya jawo daga magabata shi ne nasiha tana tafiya da sirri da son gyara, kunyatarwa kuma tana tafiya da yayatawa. Hausawa ma sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Muna da ilimin, muna da karin maganar. A wurin aiki ne muke ajiye su a bakin ƙofa.

A ce ma'aikaciyar lafiya ce matashiya, ba ta daɗe da fara aiki ba, mai cike takardar kuma ya kusa ritaya, sa'an mahaifinta ne. Ba za ta tare shi a gaban matan da suka zo awo ba. Za ta bari a sallami jama'a, a dawo daga sallar azahar, ta same shi a ɗakin firjin shi kaɗai. Ta gaishe shi yadda ta saba, ta tambayi mutanen gida. Sannan ta ce:

"Baba, akwai abin da ke damuna, na ce gara in zo wurinku kai tsaye da in faɗa wa wani. Ranar Talata da Laraba na ga gurbin yamma babu komai, yau kuma na tarar an cike. Na'urar ta nuna gargaɗi a daren Talatar. Tsoro nake ji kada Pentar nan ta daskare mu riƙa yi wa 'ya'yan mutane ruwa. Ko akwai abin da ke hana ku dubawa da yamma?"

Ta ambaci rana, ta faɗi abin da idonta ya gani. Ba ta ce "kullum haka kuke yi" ba, domin da ta faɗi haka sai ya tuna mata ranar da ya duba, gardama ta koma kan lissafin kwanaki. Ba ta taɓa halinsa ba, ba ta kira shi rago ko maƙaryaci ba, ko da a ranta tana ganin haka. Ta sa kanta a cikin lamarin da ta ce "mu riƙa yi," kuma gaskiya ta faɗa, tunda ita ma daga firjin take ɗiba. Ta kuma sanar da shi cewa shi ta fara samu. Dattijo yana jin nauyin wannan fiye da yadda matasa ke zato.

Tambayar da ta rufe da ita ce na fi so a tsaya a kai, domin a nan ne masu son ƙa'ida suka fi yin kuskure. Suna shiga da hukunci a hannu, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wataƙila gidansa na da nisa, motar ƙarshe da ke zuwa garinsu tana tashi kafin la'asar, kuma da aka raba aikin ba a tambaye shi ba. Wataƙila idonsa ya yi rauni, ƙananan lambobin na'urar ba sa ganuwa gare shi, yana kuma jin nauyin faɗa. Wataƙila sabuwar na'urar aka kawo aka koya wa mutum biyu, shi ba ya nan ranar. Akwai kuma dalilin da ya fi waɗannan yawa da muni: wata rana can baya ya taɓa rubuta gaskiya, ya sa digiri 11 a takarda, jami'i ya zo ya yi masa tatas a gaban yara, har da barazanar takardar tuhuma, ba a kuma gyara firjin ba. Daga ranar ya koyi cewa "biyar" ita ce lambar zaman lafiya. Irin wannan mutum ba wa'azi yake buƙata ba. Yana buƙatar ya ga cewa idan ya rubuta lambar gaskiya za a turo mai gyara, ba za a ci masa mutunci ba. Duk ofishin da ke hukunta mai kawo mummunan labari, da hannunsa yake koya wa ma'aikatansa cike takardun ƙarya.

Wani lokaci kuma ƙa'idar ce da kanta ba ta zauna daidai ba. An tsara ta a babban ofis don asibiti mai ma'aikata goma sha biyu, aka aiko wa mai ma'aikata uku. Idan haka ne, wanda ya karya ta ya nuna mana wani abu mai amfani, ko da ta hanyar da ba ta dace ba. Sai a koma teburin da aka yi yarjejeniyar a gyara: a sauya masa zuwa duban safe, wadda ke kusa ta ɗauki na yamma, a tsara wanda zai leƙo ranar Lahadi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kowa ya gyara ƙa'ida a cikin kansa, ya ci gaba da sa hannu kamar yana bin ta asali. Wanda ya ga tsari bai yi masa ba, bakinsa zai buɗe a canja shi a gaban kowa.

Duk wannan lallami na abin da zai iya jira ne zuwa azahar. Akwai wanda ba ya jira. Allurar ƙyanda da ta BCG gari ne da ake haɗawa da ruwa, kuma da zarar an haɗa, awa shida ne iyakarta ko ƙarshen zaman rigakafin, duk wanda ya riga zuwa, domin ƙwayoyin cuta na iya hayayyafa a cikinta. A Kapoeta ta Gabas da ke Sudan ta Kudu, a watan Mayun 2017, yara 15 sun mutu bayan wani gangamin rigakafin ƙyanda inda aka yi kwana huɗu ana haɗa allura da sirinji ɗaya, ruwan kuma ba ya cikin sanyi. Idan ka ga abokin aikinka ya miƙa hannu ga kwalbar da aka haɗa tun jiya, ga yaro a cinyar uwarsa an buɗe masa hannu, babu maganar jiran a keɓe. A nan take za ka tsayar da shi. Ko a nan ɗin ma akwai hanyar da ba ta tozarta mutum: "Yaya, dakata kaɗan, ga sabuwa nan, waccan ta wuce lokaci." Ka miƙa masa, a yi wa yaro, sauran maganar ta jira sai an watse. Idan ransa ya ɓaci, ya ɓaci. Ana ba da haƙuri a kan ɓacin rai.

Inda abin ya fi tsauri shi ne idan mai karya ƙa'idar na gaba da kai ne, kuma wannan ba ciwon Hausawa ba ne su kaɗai. Ranar 27 ga Maris 1977, a filin jirgin Los Rodeos da ke tsibirin Tenerife, jirage biyu ƙirar Boeing 747, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Har yau ba a yi haɗarin jirgin sama da ya ci rayuka kamarsa ba. Matuƙin KLM ɗin shi ne shugaban masu horar da matuƙan irin wannan jirgi a kamfaninsu, shi ne ma ya yi wa mataimakinsa na ranar jarrabawar cancanta. Ya fara gudun tashi ba a ba shi izini ba. Injiniyan da ke zaune a bayansa ya yi tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin, matuƙin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, injiniyan bai sake magana ba. Ya hango haɗarin, ya faɗa cikin ladabi, ya yi shiru. Wannan haɗari na cikin abubuwan da suka sa kamfanonin jirage suka shigo da horo na musamman, inda ake koya wa na ƙasa yadda zai maimaita damuwarsa a fili har sai an saurare shi, ake kuma koya wa na sama cewa sauraron wajibi ne a kansa.

A asibiti ma an gwada. Wani likita a Johns Hopkins ta Amurka, Peter Pronovost, ya tsara matakai biyar da za a bi wajen saka wa mara lafiya bututu a babbar jijiya, ciki har da wanke hannu da goge fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Babu likitan da bai san matakan ba tun yana makaranta. Sabon abin shi ne hukumar asibiti ta ba ma'aikatan jinya ikon dakatar da likita idan ya tsallake mataki, ta kuma tsaya musu. Da aka faɗaɗa tsarin zuwa ɗakunan kulawa ta musamman 103 a jihar Michigan, sakamakon da aka buga a 2006 ya nuna cututtukan da ke shiga jini ta wannan bututu sun ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Abin da na ɗauka daga nan shi ne bai kamata a bar wa ƙaramin ma'aikaci nauyin jarumta shi kaɗai ba. Shugaban wuri ne zai tashi a taro, da bakinsa, ya ce ko mai shara ta ga ya tsallake ƙa'ida ta tsayar da shi, sannan ranar da aka fara tsayar da shi ɗin ya yi godiya a gaban kowa. Ma'aikata ba sa auna shugaba da abin da ya faɗa a taro, ranar farkon nan suke jira su gani.

Mai gaskiya ma yana iya ɓata gaskiyarsa. Ignaz Semmelweis ya gano a Biyana a 1847 cewa likitocin da ke fitowa daga ɗakin gawa su shiga ɗakin haihuwa su ne ke ɗauko zazzaɓin da ke kashe masu jego. Ya sa a riƙa wanke hannu da ruwan kulorin, mace-mace suka faɗo daga kusan kashi 18 cikin ɗari a watan Afrilu zuwa kusan kashi 2 a watan Yuni. Manyan likitocin zamaninsa suka ƙi yarda, saboda girman kai da kuma rashin sanin ƙwayoyin cuta a lokacin. Shi kuma daga baya ya koma rubuta musu buɗaɗɗun wasiƙu yana kiransu masu kisan kai. Ina fahimtar zafin zuciyarsa, mata yake gani suna mutuwa a banza. Amma wasiƙun ba su shawo kansu ba, kuma ya rasu a 1865 ba a karɓi maganarsa ba.

Saura tambayar da kowa ke gudu. Ka yi magana a keɓe, ka ji uzurinsa, an gyara abin da za a gyara, ka sake tuna masa, bai canja ba. A nan ina ganin kai maganar gaba wajibi ne, kuma ba munafunci ba ne muddin an cika sharaɗi ɗaya: ya san za ka kai. "Baba, mun yi maganar nan, har yanzu abin bai daina ba. Ba zan iya ci gaba da ɗibar allura daga firjin da ban san halinsa ba. Zan gaya wa incaj, kuma na fi so mu je tare." Munafuki shi ne mai yi maka dariya da safe ya kai sunanka da yamma. Wanda ya gaya maka a ido inda zai je, ya ce ka biyo shi, ya fita daga wannan sahu. A Riyadus Salihin, littafin da ake karantawa a zaurukanmu da masallatanmu, Imam Nawawi ya jero wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama gibar da aka haramta, daga ciki akwai kai ƙara ga mai ikon gyarawa da kuma gargaɗin jama'a daga cutarwa. Sai dai a kai wa mai ikon gyarawar shi kaɗai, a faɗi abin da aka gani da ranakunsa, kada a ƙara gishiri, kada a jawo tsohon rikicin rabon alawus a cusa a ciki. Idan incaj ɗin ne da kansa mai laifin, ko ya ji ya share, akwai jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma da mai kula da ma'ajiyar sanyi, kuma aikinsu ke nan.

Ba zan ce wa kowa abin ba shi da tsada ba. Ana daina amsa gaisuwar mutum a kan irin wannan. Ana cire sunansa daga jerin masu zuwa bita, ana iya tura shi ƙauyen da babu hanya. Wanda ke da 'ya'ya a makaranta dole ya yi wannan lissafi, kuma ba na ganin laifinsa idan gabansa ya faɗi. Shi ya sa nake ganin rashin adalci ne sauran ma'aikata, waɗanda suka daɗe suna gunaguni a bayan fage, su noƙe ranar da ɗaya daga cikinsu ya yi ta maza. Ko ba za su yi magana ba, su tabbatar da abin da suka gani idan an tambaye su, kada kuma su bar shi ya ci abincin rana shi kaɗai.

Idan gwajin girgizawa ya tabbatar cewa kwalaben sun daskare, kuma an riga an yi wa yara daga cikinsu, akwai aikin da ya fi duk waɗannan nauyi. Za a sanar da ƙaramar hukuma, a buɗe rajista a fitar da sunayen yaran da aka yi wa allura tun daga ranar da na'urar ta nuna gargaɗi, a nemi mai unguwa da kwamitin lafiya na mazaɓa, a bi iyaye gida-gida a gaya musu cewa sai an sake. Wasu za su yi faɗa, wasu mazan za su hana matansu dawowa, kuma ma'aikatan da suka yi shirun su ne za su tsaya a zaure suna bayani. Idan a makon farko aka yi maganar, sunayen ba za su cika shafi ɗaya ba. Idan an bari wata uku, sai an nemi babur da ƙarin mutane, kuma za a tarar wasu iyalan sun tashi daga unguwar ba a san inda suka koma ba.